Jagoran Sayen Firintar UV da Riƙe Ta a Ƙaramin Shago

Firintar UV inji ne da ke buga hoto ko rubutu kai tsaye a jikin kaya: rigar waya, gilashi, katako, tayil, farantin akirilik, fulas, biro, allon karramawa. Tawadarta ba iska ke busar da ita ba, ba kuma zafi ba. Hed, wato kan injin mai ƙananan ƙofofin feshi da ke kai-komo a saman kaya, yana fesa ta, fitilar UV (hasken ultraviolet) da ke manne a gefensa tana biye da shi, da hasken ya taɓa ta sai ta daskare ta zama roba. Shi ya sa kaya ke fitowa a bushe, a miƙa wa mai shi nan take. Daga nan kuma yawancin rigimar injin take fitowa, domin tawadar da ta daskare a kan gilashi haka za ta daskare a cikin hed idan haske ya same ta a can, ko kuma ta toshe shi idan aka bar ta kwance kwana da kwanaki. Hed kuwa shi ne abu mafi tsada da za ka riƙa canzawa. Injin da ke aiki kullum ya fi wanda ake ajiyewa lafiya, saboda haka wanda ba shi da aikin da zai ba ta kowace rana bai kai lokacin saye ba tukuna.

Fara da kayan da za ka buga

Kafin ka tambayi farashin kowane inji, zauna ka rubuta abubuwa uku ko huɗu da ka tabbata kana da masu sayensu, tare da tsawo da faɗi da kaurin kowanne. A arewa kasuwar ta fi ƙarfi a kayan rabon biki da na suna, allunan karramawa na makarantu da ƙungiyoyi, alamomin ƙofar ofis da asibiti, rigunan waya ga 'yan kasuwa irin na Farm Centre a Kano, sai kuma lokacin siyasa da komai ke son hoton ɗan takara. Kayan biki suna da lokacinsu. Aikin ofisoshi da makarantu shi ke riƙe shago a watannin da biki ya yi ƙasa.

Shawarar da ta fi kowace amfani ita ce ka fara karɓar aikin kana kai wa mai inji yana buga maka na wata biyu ko uku. Ribar kaɗan ce, amma za ka san kayan da ke tafiya da farashin da mutane ke iya biya, ba tare da ka zuba miliyoyi ba.

Idan abin da ka fi samu kofuna ne da kwalabe da kaya masu lanƙwasa, duba UV DTF. Shi a kan leda ake bugawa, a haɗa ta da leda ta biyu, a yanka, a manna a jikin kaya kamar sitika, a ɓare ledar sama a bar hoton. Yana hutar da kai daga wahalar daidaita kaya marasa shafaffen jiki a ƙarƙashin hed, sai dai kuɗin ledar yana hawa kan kowane aiki. Tufafi kuma ba aikin UV ba ne, kada mai sayarwa ya ruɗe ka.

Girman teburi da irin hed

Ana kiran injinan da girman teburinsu. Ƙaramin shago yakan tsaya tsakanin A3, wato kusan santimita 30 da 42, da 6090, wato santimita 60 da 90. Babba irin 2513, mai mita biyu da rabi, na masu manyan alluna ne. A3 yana ɗaukar rigunan waya shida zuwa takwas a shiga ɗaya, amma ranar da aka kawo maka allon ƙofa mai santimita 50 sai ka mayar da shi. Wanda kuɗinsa ya kai, 6090 ya fi dacewa, domin yana buɗe ƙofar alamomi da hotunan bango. Ka tambayi iyakar kaurin da injin ke karɓa, yawanci tsakanin santimita 10 da 18, ka kuma tambaya ko akwai abin juya kwalba a cikin kuɗin.

A wajen farashi, A3 na kamfanonin China yakan kama daga dala dubu biyu zuwa biyar kafin kuɗin jigila da kwastam, 6090 kuma ya ninka haka ko ya fi. Na Japan irin Mimaki UJF da Roland VersaUV sun fi inganci da sauƙin riƙo, amma kuɗinsu ya ninka na China sau da yawa, kuma yawanci tawadar kamfanin ake sa musu.

Abin da ya kamata ka fi tsayawa a kai shi ne hed. Ga guda uku da ake yawan samu a wannan kasuwa:

Epson XP600 shi ne mai araha. Yana da ƙofofin feshi 1,080 a layi shida, yana fitar da hoto mai kyau, amma asali ba don tawadar UV aka ƙera shi ba, saboda haka kwanansa gajere ne, watanni ake lissafa masa. Amfaninsa shi ne idan sabon hannu ya kashe shi, asarar ba ta karya mutum.

Epson i3200 yana da ƙofofi 3,200, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi daɗewa. A nan sai ka buɗe ido: iri uku ne. A1 na tawadar ruwa ne, E1 na tawadar ledar talla (banner) da sitika, U1 shi ne na UV. A1 ya fi araha, kuma ana samun masu sa shi a injin UV don su rage farashi. Ka sa a rubuta U1 a takardar ciniki, ka nemi hoton lambar da ke jikin hed ɗin kafin a rufe akwati.

Ricoh Gen5 na ƙarfe ne, yana da abin ɗumama tawada a cikinsa, yana shekaru idan an kula da shi. Tsadarsa ta sa ya fi dacewa da shagon da injinsa ba ya hutawa.

Ka tambayi hed nawa ne a injin. Mai hed ɗaya da aka raba wa launuka da fari yana aiki, amma a hankali. Tsarin da ya fi daɗi shi ne uku: ɗaya na launuka huɗu, ɗaya na farar tawada, ɗaya na ruwan sheƙi, duk su fita a lokaci ɗaya. Kada ka sayi injin da ba shi da waɗannan abubuwa: injin motsa farar tawada a tanki tare da famfon zagaya da ita, na'urar auna tsayin kaya, da abin da ke tsayar da hed idan zai yi karo.

Wajen wa za ka saya

Hanya biyu ce: dila a Najeriya, yawancinsu a Legas, ko oda kai tsaye daga China. Dila ya fi tsada, amma idan yana da injiniya da kayan gyara a ƙasa, wannan ƙarin kuɗin ba asara ba ne. Araha ba ta ado ranar da allon wutar injin ya ƙone kana da aikin biki a hannu, mai sayarwa kuma yana Guangzhou yana turo maka bidiyo.

Ko wace hanya ka bi, ka yi waɗannan kafin ka biya. Tura kayanka na gaske, ba nasu ba, a buga maka hoton da kai ka zaɓa, wanda ke da fuskar mutum baƙar fata, da ƙananan rubutu, da wuri mai faɗi na launi ɗaya. Fuska tana tona asirin launi, ƙaramin rubutu yana nuna ko hed-hed ɗin sun daidaita, launi ɗaya kuma yana fito da layi-layi. Ka nemi bidiyon aikin daga farko har ƙarshe ba yankewa, domin ka san ainihin mintin da yake ci. Ka tambayi abin da garanti ya ɗauka. Kusan kullum hed da damfa (ɗan abin da ke tara tawada a saman hed yana daidaita shigarta) da sauran abubuwan da tawada ke bi ba sa ciki. Ka tambayi manhajar da ke sarrafa bugun, ko Maintop ce, ko PhotoPrint, ko RIIN, da ko makullinta na USB yana cikin akwatin, domin idan ya ɓace sai ka sake saye.

Sai tambayar da mutane suka fi mantawa: ina zan sami tawada idan wannan ta ƙare? Masu jigilar jirgin sama da yawa ba sa karɓar ruwa, na teku kuma yana ɗaukar makonni. Ba a gauraya tawadar kamfani biyu, suna iya dunƙulewa a cikin bututu. Idan tawadar injin ba ta da mai sayarwa a ƙasa, to dole ka riƙa oda tun kana da rabin kwalba.

Mai shigowa da kansa ya fahimci sharaɗin farashin da aka ba shi. EXW yana nufin kayan suna ƙofar masana'anta, komai daga nan naka ne. FOB sun kai tashar jirgin ruwa ta can. DDP har ƙofarka, da kwastam a ciki. Shigowa da sunanka ta hanyar hukuma tana buƙatar takardar shigo da kaya ta Form M ta banki da takardar kimanta kaya ta PAAR daga kwastam, shi ya sa masu ƙaramin inji da yawa ke bin kamfanonin jigila masu haɗa kaya. Ka auna faɗin ƙofar shagonka da girman akwatin tun kafin ya taso. Injin 6090 ya wuce kilo 150, ba a kwantar da shi a gefe don ya shige.

Ɗaki da wuta

Tawadar UV tana son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 28, da laimar iska kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Duk wanda ya san Kano ko Sakkwato ko Maradi ya san yanayinmu bai yi kusa da wannan ba. A bazara zafi yana haura digiri 40, tawada ta tsinke, ta riƙa ɗiga daga hed ko ta fantsama. A hunturu laima tana faɗuwa ƙasa da kashi 20, sai wutar gogayya ta taru a jikin akirilik da roba, tana jan ɗigon tawada gefe, ka ga hazo-hazo a kewayen rubutu. Ga ƙura kuma, wadda ke sauka a kan kaya ta shiga cikin hoto, ta kuma manne a fuskar hed.

Saboda haka injin yana buƙatar ɗakinsa shi kaɗai, ko da an yanka shi ne da gilashi da alminiyam a cikin shagon. A sa AC, a sa tayil a ƙasa, a toshe ƙasan ƙofa. A sayi ɗan agogon da ke nuna zafi da laima a rataye kusa da injin, da na'urar fesa laima don hunturu. Kada a haɗa shi ɗaki ɗaya da injin yankan katako ko akirilik. Taga a sa mata labule mai kauri, domin hasken rana yana ɗauke da UV, kuma ko bai faɗo kai tsaye ba yana iya daskarar da tawadar da ke kan waifa (robar da ke share fuskar hed) da murfin hed (inda hed ke zama a rufe idan ba a bugu). Tunda an rufe ɗaki, sai a sa fankar da ke zuƙe iska waje, saboda warin tawadar yana sa ciwon kai.

Wuta ita ce ke kashe injin da yawa a nan. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu, hed yana tsayawa a fili bai koma kan murfinsa ba, aikin ya lalace, shi kuma ya fara bushewa. Idan ta dawo da ƙarfi kuma allon wuta ke tafiya. Tsarin da ya dace: daga mita ko janareta zuwa sitabilaiza, daga nan zuwa UPS irin wanda kullum ta batir yake ba da wuta, mai ƙarfin kVA 2 zuwa 3 ga A3 ko 6090, sannan injin da kwamfuta. Ka duba farantin da ke bayan injin ka ga wat nawa yake ci, ka ƙara rabin wannan a kai don sanin ƙarfin UPS ɗin da za ka saya. Mai inbata da sola ya tabbata inbatar mai tsaftatacciyar wuta ce. AC ba ya hawa kan wannan layin.

Wayar ƙasa, wato earth, dole ce. Gine-gine da yawa soket ɗinsu yana da rami uku amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba. A kira mai wayarin ya kafa sandar tagulla a ƙasa, a jawo waya zuwa jikin injin. A lokacin rani da ƙasa ke bushewa ƙamas, a riƙa zuba ruwa a gindin sandar.

Ranar kafawa

A ɗora injin a kan teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, a daidaita shi da awon ruwa na magina ta kowane ɓangare. A cire ƙarafan da aka ɗaure keken hed (abin da ke ɗauke da hed yana kai-komo) da su saboda tafiya kafin a kunna. Idan fitilar mai sanyaya da ruwa ce, a cika tankinta da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba na famfo ko rijiya ba, a tabbata yana zagayawa. Fitilar da ta yi aiki ba ruwa ba ta daɗewa.

Wayoyin hed, masu faɗi kamar kintinkiri, ba a sa su ko cire su sai an kashe injin, an zare fulogi, an jira mintuna. Waya ɗaya da ta shiga a karkace, ko ɗigon tawada ɗaya a bakinta, ya isa ya ƙona hed da allo tare. Bayan an ja tawada ta cika bututu da damfa, a buga gwajin layi, wato ƙananan layukan da ke nuna ko kowace ƙofar hed tana feshi, sannan a daidaita abubuwa uku a manhaja: tafiya da dawowar hed su sauka wuri ɗaya, matakin teburi ya yi daidai, fari da launi su hau kan juna. A ɗauki hoton duk lambobin da aka samu, a kuma ajiye su a filasha. Ranar da kwamfuta ta lalace za ka gode wa kanka.

Yadda ake buga aiki

1. Shirya hoton a CorelDRAW ko Photoshop a ainihin girmansa, da ƙarfin 300 dpi. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, ka ce a sake turowa a matsayin fayil.

2. Yi shimfiɗar fari. Launukan UV suna da shara-shara, idan ba fari a ƙarƙashinsu a kan baƙin abu ko gilashi, ba sa fitowa. Ana yin farin a tasha ta musamman da sunan da manhajar ke ganewa, a injina da yawa W1 na fari, W2 na sheƙi. A rage gefen farin da ɗigo ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai leƙo ta gefen hoto.

3. Goge kayan da sifirit ɗin isopropyl da ƙyalle mara gashi. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa fuskar, maiƙon hannu yana hana tawada kamawa.

4. Daidaita wuri. Hanya mafi sauƙi: manna farar takarda a teburi, buga layin kewayen kayan a kanta, sannan ɗora kayan a cikin layin. Abin da kake bugawa kullum, kamar biro ko maƙalin makulli, a yanka masa mazauni na akirilik ko katako mai ramuka daidai jikinsa.

5. Saita tsayi. Tsakanin hed da wuri mafi tudu a jikin kayan ya zama milimita 1.5 zuwa 2. Idan ya yi nisa, hoto ya yi dishi-dishi, hasken fitila kuma ya sami hanyar komawa fuskar hed. Idan ya yi kusa, karo. Rigar waya mai tudun kyamara, da tudun ake auna tsayi, ba da bayanta ba. Farantin da ya lanƙwashe a danne gefensa da salatif.

6. Zaɓi jerin tawada. A kan baƙin abu: fari, launi, sheƙi. A bayan gilashi ko akirilik mai haske: a juya hoton kamar a madubi, launi ya fara, fari ya rufe. Wucewa 6 ko 8, wato yawan bin da hed ke yi a kan wuri ɗaya, ta isa yawancin aiki. Rubutu mai tudu da ake ji da yatsa ana samunsa ne da maimaita fari sau da yawa, yana da kyau a allon karramawa, amma yana shan tawada da lokaci, a sa shi a farashi.

7. Buga guda ɗaya ka duba kafin ka cika teburi.

Madubi da ƙarfe mai ƙyalli suna da haɗari na daban: suna mayar da hasken fitila sama ya daskarar da tawada a bakin hed, kuma wannan toshewar ba ta wankuwa. Idan dole ne, a rufe duk inda ba za a buga ba da baƙar takarda, a rage ƙarfin fitila, a yi gwajin layi bayan kowane ɗaya.

Tawadar da ke ɓarewa

Wannan ne ke sa kwastoma ya dawo da kaya. Katako, PVC, fata da yawancin rigunan waya suna kama tawada ba gardama. Gilashi, tayil mai santsi da ƙarfe sai da firaima, ruwan da ake shafawa don tawada ta kama, kuma kowanne da irin nasa. Ana shafa shi siriri da ƙyalle, a bar shi ya sha iska na mintunan da aka rubuta a kwalbar, sannan a buga. Idan ya yi kauri yana barin tabo. Robar bokiti da jarka, wadda za ka ga an rubuta PP ko PE a gindinta, ba ta son tawada sai an bi ta kanta da harshen wuta da sauri ko an sa firaima na musamman. Silikon kuwa kada ka karɓi aikinsa.

Tawadar ma iri biyu ce, mai tauri da mai laushi. Mai tauri ta fi kama gilashi da ƙarfe, amma tana tsagewa idan aka lanƙwasa kayan. Mai laushi ta dace da fata da rigar waya ta roba. Ba a canza su yau da gobe, sai an wanke bututun gaba ɗaya, don haka ka zaɓi wadda ta dace da yawancin aikinka.

Duk sabon kaya a gwada shi haka: a bar shi ya kwana, a tsaga hoton da reza layi shida a tsaye, shida a kwance, tazarar milimita ɗaya ko biyu, a manna salatif mai ƙarfi a danne, a fizge. Idan ƙananan murabba'an sun biyo salatif, kada a buga ɗari. Kofi da fulas a ƙara jiƙa su a ruwa na kwana ɗaya a sake gwadawa.

Kulawar kullum

Farar tawada tana ɗauke da garin titanium mai nauyi, wanda ke kwanciya kamar yadda gasara ke kwanciya a gindin roba idan an bar ƙullu. A tanki injin motsawa yana maganinsa, amma wadda ke cikin damfa da hed ba abin da ke motsa ta sai bugu. Shi ya sa layin fari ne ke fara mutuwa.

Da safe a kunna AC tukuna, a bar farar tawada ta zagaya na minti biyar zuwa goma, a sa injin ya yi wankin hed ɗaya, a buga gwajin layi a kan leda mai haske don fari ya fito. A rubuta kwanan wata a jiki a ajiye. Idan layuka sun ɓace, a sake wanki, amma kada a wuce uku a jere: yawan ja yana jawo iska cikin damfa ya ƙara ɓata lamarin. A bar shi ya huta rabin awa.

Akwai hanyar gane inda matsala take. Idan gurbin da ya ɓace yana wuri ɗaya a kowane gwaji, toshewa ce. Idan yana yawo, yau nan gobe can, ko launi yana ɗaukewa a tsakiyar aiki, iska ce ko tawada ba ta isowa, sai a duba damfa, da murfin hed ko yana kama fuskar sosai, da famfo. Mutane da yawa sun sayi sabon hed alhali damfa ce ta gaji. Idan hoto yana gocewa gefe ko injin yana buga keken a bango, a goge siririyar ledar enkoda da ke bayan keken, wadda injin ke karantawa don sanin inda keken yake, ƙura ko feshin tawada ne ya rufe layukanta. Idan bugu ya fito yana danƙo, fitila ce: a goge gilashinta, a duba ruwanta, a rage yawan tawada.

Da yamma a goge waifa, da bakin murfin hed, da kewayen hed da sandar soso da ruwan wanki na UV. Fuskar hed ba a dirza ta, ana ɗan dangwala ƙyalle ne kawai, kuma ba a sa mata tishu ko auduga. A tabbata hed ya zauna a kan murfinsa kafin a kashe, a lulluɓe injin. Duk mako a zubar da kwalbar dattin tawada, a duba ruwan fitila. Duk wata a sa wa dogon ƙarfen da keken ke bi man shafawa kaɗan. Damfa da waifa da murfi ana canza su duk wata uku zuwa shida tun ba su nuna gajiya ba.

Kwalaben tawada a ajiye su a duhu, a wuri mai sanyi. Yawanci shekara ɗaya suke yi, fara kuma ba ta kai haka, don haka a duba kwanan watan da ke jiki tun wajen saye.

Ɗanyar tawada tana cin fata, kuma wanda jikinsa ya fara ƙin ta yakan ci gaba da yin ƙuraje duk lokacin da ya taɓa. A sa safar hannu ta nitrile, ba a kallon fitilar da ido tsirara. Ba a buga cikin faranti ko bakin kofi inda leɓe ke taɓawa, ko abin da jariri zai sa a baki. Dattin tawada ba a zuba shi a kwata: a zuba shi siriri a tire a shanya a rana ya daskare, sannan a jefar.

Lissafin farashi

Mai sayar da inji zai ce maka tawadar rigar waya ɗaya ba ta kai komai ba. Gaskiya ne, amma ba nan kuɗin yake ba. Ga misali da lambobin zato, kai ka sa naka. A ce injin da jigila da UPS da gyaran ɗaki sun tashi naira miliyan 9, kana so su dawo a wata 24: 375,000 ke nan duk wata. Ajiyar sabon hed, 50,000. Wuta da mai da AC, 150,000. Haya da yaron shago, 125,000. Tawadar da wanki ke sha da ƙananan kayan gyara, 50,000. Jimla 750,000 kafin ka ci ko sisi. Idan abin da ke saura a kan kowane kaya, bayan an cire kuɗin sayensa da tawadarsa, naira 1,500 ne, sai ka sayar da 500 a wata, wato kusan 20 kowace ranar aiki, kafin a fara maganar riba.

Wannan lissafin ne zai nuna maka cewa aikin guda ɗaya dole ya fi tsada, domin shirya hoto da saita tsayi lokaci ɗaya suke ci ko ɗaya za a buga ko hamsin. A sa mafi ƙarancin kuɗin aiki. A ƙara kashi biyar cikin ɗari na kaya saboda lalacewa. A karɓi aƙalla rabin kuɗi kafin a fara, a tura wa mai aiki hoton ƙarshe ya amince a rubuce, musamman sunayen ango da amarya da kwanan wata. Idan rubutun Hausa ne a duba ɗ da ƙ da ɓ, domin salon rubutu da yawa ba su da su, sai su fito akwati-akwati. Rubutun Larabci kuma a mayar da shi zane kafin a tura wa manhaja, kada haruffa su rarrabu. Wanda ya kawo kayansa mai tsada, kamar laftof, a gaya masa tun farko cewa bugun UV ba ya goguwa cikin sauƙi idan an yi kuskure.

Idan za a rufe shago

Hutun kwana biyu ko uku, kamar na Sallah, a bar wani ya riƙa zuwa kullum yana kunnawa, ya yi wanki da gwajin layi, ya buga ɗan murabba'in fari. Idan injin yana da wankin kansa na lokaci-lokaci, a bar shi a kunne a kan inbata. Rufewar da ta wuce mako ɗaya, kamar tafiyar Umara ko Hajji, sai an janye tawada daga hed, a wanke shi da ruwan wanki ta sirinji a hankali ba da ƙarfi ba, a cika shi da ruwan ajiya na hed, a zaunar da shi a kan murfi, a wanke bututun fari shi ma.

A durowa kuma kada a rasa waɗannan tun ranar farko: damfa cikakken saiti biyu, murfin hed biyu, waifa uku, famfon tawada ɗaya, wayoyin hed saiti ɗaya, ledar enkoda da na'urar karanta ta, fis-fis na allo, lita ɗaya ta ruwan wanki, da sirinji da bututu. Mai XP600 ya ƙara da hed ɗaya a kwalinsa. A sa su cikin odar injin tun farko, domin a akwati ɗaya jigilarsu kusan kyauta ce, amma damfa ɗaya da aka yi wa oda ita kaɗai tana iya tsayar da shago mako biyu.